Daga bayan Ringim zuwa titin Gidan Zoo, labarin zuwana Kano koyon kwalliyar amare

Daga ƙauyenmu zuwa Kano ba wata tafiya ba ce mai nisa, in ka fito da sassafe ka hau mashin ya kai ka bakin titi, ka samu motar da ta taso daga Haɗeja ko Gujungu, to kafin rana ta yi zafi kana tashar Yankaba. Mazan garinmu kullum a kan hanyar nan suke, wasu ma su je su dawo a ranar. Amma a ce budurwa ce za ta je ta zauna can wata da watanni, ba karatun nas ba ba na malanta ba, wai koyon shafa wa mutane hoda, to a nan fa ake yinta. Maganar ta zaga gari tun kafin in sayi ko jakar zuba kaya.

Abin da ya sa na nace shi ne abin da nake gani a bukukuwanmu. Mu da an gama kaka an sayar da riɗi da zoɓo da gyaɗa kuɗi sun shigo hannu, sai aure ya ɓalle, haka kuma in azumi ya matso kowa so yake ya kai 'yarsa ɗaki kafin a ga wata. Kuma yanzu babu amaryar da za ta yarda a kai ta da kwalli da jan baki kawai, kowa tana da waya ko ta yayanta, ta ga abin da ake yi a TikTok. To masu ɗan hali sai su ɗauki amarya a kai ta cikin Ringim ko a ɗauko mai kwalliya daga Kano a biya mata kuɗin mota da na aiki, marasa hali kuwa ƙawa ce za ta zo da hodar da ta saya ranar kasuwa, kala ɗaya tal, ta shafa wa amarya ta shafa wa ƙawaye, baƙa da fara duk ita ce. Sai ki ga yarinya kyakkyawa mai baƙin nan mai sheƙi an mai da fuskarta kamar an tsoma ta a garin tuwo, wuya daban fuska daban, kuma a haka za a ɗauki hoton da za ta ajiye har jikokinta su gani. Abin yana ci min rai wallahi.

Baba da farko cewa ya yi a'a, bai ma bari na ƙarasa ba. Inna ce ta yi ta bi a hankali, sannan Gwaggona da ke aure a unguwar Dakata cikin Kano ta zo gaisuwar wata rasuwa ta ce yaya ka bar min ita, a ɗakina za ta kwana, ni zan san shigarta da fitarta. Ya yi shiru, da daddare bayan ya dawo daga masallaci ya kira ni ya ce ya yi magana da Malam, ga sharuɗɗansa: ba zan aske wa kowa gira ba, ba zan taɓa fuskar namiji ba, ba zan sa hoton fuskata a waya duniya ta gani ba, magariba kuma ta yi min a gida. Nace na yarda Baba. Na huɗun ne kawai daga baya Gwaggo ta nemo min sassauci a kansa saboda bikin dare. Kuɗin koyo kuwa awakina ne suka tafi, Yaya ya kai su kasuwar Gujungu ya sayar, Inna ta cika da kuɗin adashinta.

Ranar tafiya kaya suka fi ni yawa. Buhun gero rabi na Gwaggo, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, man gyaɗa a galan, kaji biyu an ɗaure musu ƙafa, don Inna ta ce ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Lokacin kuma ba a daɗe da cire tallafin mai ba, wanda aka yi a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi ba kaɗan ba, direba ya ce sai an biya wa buhun kuɗin kujera, Yaya ya yi ta ciniki har sai da wani dattijo a gaba ya sa baki. Mu huɗu aka jera a baya a ƙaramar mota. Muka wuce Ringim, muka shiga ƙasar Kano ta Zakirai, sai Gezawa, sai Jogana, gonaki duk an girbe sai karan dawa a tsaye da shanun Fulani suna kiwo a ciki. Daga Gunduwawa zuwa Tokarawa ne za ka ji garin ya fara canjawa, kamfanoni, tireloli, hayaƙi, 'yan talla suna bin mota da gudu da ruwan leda da biredi. Na taɓa zuwa Kano ina ƙarama an kawo Inna asibiti, amma wannan karon da na san ba a ranar zan koma ba sai na ji cikina ya ɗan juya.

Gidan Gwaggo gidan haya ne, iyali uku a tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya, da asuba layi ake yi. Abin da ya fara ba ni mamaki ruwa ne. Mu a gida ko tuƙa-tuƙa ko rijiya, ka je ka ɗebo iya ƙarfinka babu mai ce maka ci kanka, a nan kuwa sai mai kura ya zo da jarkoki ka saya, wanka ma da lissafi, ruwan da aka yi wanki da shi ba a zubarwa sai a kai banɗaki. Na biyu gaisuwa. Na fito da safe na durƙusa na gaida wata mata a ƙofar gida, ina kwana Baba, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ke baƙuwa ce ko, na ce eh, ta yi dariya ta ce ai na gani. Ba wai ba su da kirki ba ne, kowa sauri yake yi.

Wajen koyon yana titin Gidan Zoo, daga Dakata adaidaita sahu biyu ne, ɗaya ta kai ka Bata ka sauka ka kutsa cikin wannan cunkoso ka sake hawa wata. Acaɓa babu, tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano, ni da na saba ɗare bayan mashin sai na koyi zaman mutum uku a baya da jaka a cinya. Shi titin kansa abin kallo ne, ga gidan namun dajin Audu Bako, ga filin baje koli, ga babban kantin Ado Bayero, ga benaye cike da shagunan ɗinki da na hoto da ofisoshin 'yan fim, don yawancin harkar Kannywood a nan take. Wata rana za ki ga fuskar da kika saba gani a talabijin tana tsaye tana sayen awara. Ban taɓa yi wa ko ɗaya magana ba, kallo dai na yi iya kallo.

Shagon Anti, matar da ke koya mana, a hawa na biyu yake, madubai a jere, kujeru masu tsawo, esi in akwai wuta, janareta in babu, da fitilar nan mai zagaye da ake sa waya a tsakiyarta. Mu ɗalibai kala-kala ne, akwai 'yan jami'ar Bayero da ke zuwa bayan lacca, akwai matar aure da mijinta ke sauke ta a mota, akwai bazawara mai 'ya'ya uku da ta ce ita sana'a ta zo nema ba wasa ba, akwai wata 'yar Damagaram da ita ma a gidan 'yan uwa take zaune, ita ce ta zama ƙawata don mu biyun ne baƙi. Da suka ji daga Jigawa nake sai tsokana, 'yar tarin Allah an shigo birni, wai a garinku akwai madubi kuwa. Ni ma ban bar su ba, nace shinkafar da kuke ci daga fadamarmu take zuwa. Amma a raina na yarda da kirarin garin, ko da me ka zo an fi ka, don ni da nake ganin na iya zana jagira a ƙauye sai na ga yarinya 'yar sakandare tana yin abin da ban taɓa tunani ba.

Farkon zuwa ko fuska ba a bari ki taɓa. Wankin burushi da soso, goge madubi, jera kaya. Na ɗauka bautar da mu kawai ake yi, sai da Anti ta zaunar da mu ta ce kun san afolo ko, to burushin ido ɗaya ya isa ya raba wa ƙawayen amarya gaba ɗaya ciwon ido, haka jan baki in ana shafawa daga baki zuwa baki. Ita a wajenta ana yanko jan baki ne da ɗan ƙarfe a sa a faranti a shafa da burushi, maskara kuma, wato abin ƙara wa gashin ido baƙi, kowa da tsinkenta a yi amfani a jefar, soso a wanke da sabulu a shanya ya bushe ƙarau don in ya kwana da danshi fumfuna yake yi a ciki. Wannan darasin har yau shi na fi riƙewa, kuma shi ne mutane ba sa gani balle su biya ki a kansa.

Sai gira. Kai, gira ta ba mu wuya. A takarda muka fara, Anti ta buga mana zanen fuskoki muna ja da fensir, sannan muka koma kan junanmu. Ka'idar dai ita ce farkon gira ya yi daidai da gefen hanci, lanƙwasar ta zo wajen gefen ƙwayar ido ta waje, jelar kuma ta ƙare a layin da ya taso daga hanci ya bi ta ƙarshen ido, farkon a sassauta hannu ƙarshen a ƙara duhu. Faɗa da baki sauƙi, amma ki yi ta dama ta yi kyau ki zo ta hagu ta ƙi. Da aka zo wajen reza na gaya wa Anti sharaɗin Baba ina tsoron kar ta ce to koma gida, sai ta ce ke ai rabin amaren da ke zuwa nan ba sa yarda a taɓa musu gira, saboda hadisin da ya hana cire gashin gira da ƙarin gashi kowa ya san shi. Ta nuna min yadda ake taje gashin sama a kwantar da shi da sabulu ko gam ɗin gira, a zana siffar da ake so, sannan a bi ƙasa da sama da kansila, wato man rufe tabo mai kalar fata, a rufe gashin da ya fita layi. Ya fi cin lokaci, amma in kin iya babu mai gane ba a aske ba sai ya matso sosai. Gashin ido na sawa ma haka, wata ta sa wata ta ce a'a maskara ta ishe ta, ba a musu da kowa. In za a sa ɗin kuma sai an ɗiga gam ɗin a bayan kunne ko a hannu an jira, don akwai masu jikin da ba ya karɓarsa, ido ya kumbura ranar biki ina za ki sa kanki.

Abin da na zo dominsa kuwa, wato daidaita faundeshin (man nan mai kalar fata da ake shimfiɗawa a fuska kafin hoda) da fata, shi ne na fi zama a kai. Ashe ba a gwadawa a bayan hannu, hannu da fuska ba kala ɗaya ba ne, a muƙamuƙi ake ja layi biyu ko uku a fita bakin taga a duba da hasken rana, wanda ya ɓace a cikin fatar shi ne naki. Kuma baƙi ba ɗaya ba ne, akwai mai ja-ja a ƙarƙashi, akwai mai rawaya-rawaya, akwai wanda yake tsaka-tsaki, shi ya sa mata biyu za su yi duhu iri ɗaya amma kwalba ɗaya ta karɓi wannan ta mai da waccan toka-toka. Sau da yawa sai an haɗa kala biyu a faranti. Duhun ƙasan ido da tabon ƙuraje a fata mai duhu ba a rufe shi da farin abu kai tsaye, wani abin shafawa mai kalar ruwan lemo ake fara ɗorawa kaɗan ya kashe duhun sannan a bi da kansila wadda ta ɗara fatar haske da mataki ɗaya ko biyu, ba biyar ba. Sai hodar da ake zubawa a bari ta ɗan zauna a kaɗe, ita ma akwai farar da in mai hoto ya haska filashi sai ƙasan ido ya fito fari fat a hoto alhali a ido lafiya lau yake, don haka kafin amarya ta tashi daga kujera Anti sai ta kashe fitila ta ɗauke ta da filashin waya ta duba.

A nan ne na fara ganin ɓarnar man bilicin da idona a kusa. Ana saura wata ɗaya biki sai a haɗa wa yarinya mai, wai haɗin amarya, ta zo ranar kamu fuska ta yi ja, jijiyoyi kore-kore a kumatu, gaɓoɓin yatsu baƙi, gefen ido ya ƙone. Irin wannan fatar ta yi siriri, faundeshin ba ya zama a kanta, ki shafa ya zame, ki danna ta ce zafi. Anti tana yawan maimaita mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske, ita ma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a 2023 ta ce abin ya kai a ɗauke shi a matsayin matsalar gaggawa ta ƙasa. Wasu mayukan akwai sinadarin makuri a ciki mai taɓa ƙoda, wasu kuma maganin asibiti ne na kumburin fata da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, aka mai da shi man shafawa na kullum ana matsa shi cikin basilin. Ni dai ra'ayina gyaran jiki na gargajiya ya fi, dilka da halawa da kurkum da turaren tsuguno, fata za ta yi laushi ta yi sheƙi a kalarta, kuma kwalliya ta fi kwanciya a kai. Amma faɗa wa uwar amarya haka ki ga kallon da za ta yi miki.

Sayen kaya kuma makaranta ce daban. Anti ta kwashe mu zuwa kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda sunanta kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, layin 'yan kayan kwalliya, shago a kan shago, wasu Hausawa wasu Inyamurai da Hausa a bakinsu ta fi tawa sauri. Ta ce duk abin da ya yi suna a duniyar nan to an yi jabunsa, ku duba ranar lalacewa, ku duba lambar NAFDAC, ku shinshina, ku duba rubutun kwali ko ya dushe, in kuma an ce miki kuɗinsa ya yi ƙasa sosai da na ko'ina to ki ajiye. Maybelline da L.A. Girl da Black Opal su ne 'yan aji suke rububi, ni kuwa da na ƙirga abin da ya rage na kuɗin awaki sai na fi karkata ga Zaron da House of Tara, na gida Najeriya ne kuma suna da kaloli masu duhu irin na mutanenmu. Abin haushi shagunan da yawa masu haske suka fi ajiyewa don su ake saya, ki tambayi mai duhu sosai a ce ya ƙare ko a ce Hajiya wa zai sayi wannan. Na ce ni.

Wata Asabar ni da 'yar Damagaram muka shiga cikin gari kasuwar Kurmi, wadda aka ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, lungu-lungu, ƙanshin turaren wuta da fata da kayan yaji ya cika ko'ina. A nan na ga kwalli irin na kakata, dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a zuba a tandu. Na so in saya da yawa don tsofaffinmu ba sa ganin an yi kwalliya in babu shi, amma Anti ta riga ta gargaɗe mu cewa shi wannan dutsen akwai dalma a jikinsa sosai, kuma dalma guba ce musamman ga jarirai da ake rambaɗa wa tun ranar suna. Don haka a jakata fensirin ido nake sawa. Haka baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi, yana kamawa da wuri ya yi baƙi wuluk amma akwai wadda zai tasar wa da ƙuraje har zanen ya zama tabo, jan lallenmu na ganye ban taɓa ganin ya yi wa kowa haka ba sai dai jiran da ake yi.

Zaman ɗalibta a birni kuɗin koyo ba shi ne matsalar ba, wannan sau ɗaya ake biya a huta. Kuɗin adaidaita na kullum, data don Anti a WhatsApp take turo aikin gida kuma dole ki kalli bidiyo, cajin waya a shago in an kwana biyu ba wuta, audugar gogewa da ke ƙarewa kullum, abincin rana. 'Yan gayu su yi oda a kawo musu shawarma, mu kuwa ƙasan bene muke sauka wajen mai garau-garau ko ɗanwake, ranar da aka samu canji gurasa bandashe, ranar da babu kuma ƙanzon da Gwaggo ta ƙulla min a leda na jiƙa a bayan shago na ci abina. Wani lokacin daga Bata nake takawa wani wajen don in rage kuɗin hawa ɗaya. Waya kuwa tun ranar farko Gwaggo ta ce in kina cikin adaidaita kar ki kuskura ki fito da ita, masu ƙwace ba sa wasa kuma da makami suke, don haka a cikin zani nake soke ta sai na shiga shago. Kewar gida tana zuwa ne da magariba, lokacin da na san ana shigo da dabbobi Inna tana kwashe tuwo, ni kuma ina tsaye a go-sulo hayaƙi yana shiga min ido.

Da hannu ya fara faɗawa sai Anti ta fara tafiya da mu aiki muna riƙe jaka muna yi wa ƙawaye ita tana kan amarya. Na shiga gidaje a Nasarawa da ban san ana gina irinsu ba, na ga biki mai kamu da wuni da dina da walima da buɗar kai, kowanne da kalar kwalliyarsa da ankonsa. Wani abu da ba a koyarwa a bidiyon Turawa shi ne lissafin sallah. Kafin ki ɗora komai sai ki tambayi amarya kin yi alwala, kin yi azahar, don kwalliyar da aka ɓata awa biyu a kanta ba za a so a wanke ba kuma ba za ki so ki zama sanadin barin sallar wani ba. Anti takan tsara lokaci ne a fara bayan an idar da sallah, ta ce amarya ta rage shan ruwa ta riƙe alwalarta. Dina kuwa ba ta tashi da wuri, ga dokar da aka sa tun 2022 ta hana adaidaita yawo bayan ƙarfe goma na dare, don haka in aikin dare ne sai mijin Gwaggo ya zo da mashin ɗinsa ya jira ni a waje, Allah ya saka masa da alheri bawan Allah bai taɓa ƙorafi ba.

Ɗaurin kallabi da na ashoke shi ma mun taɓa, amma gaskiya a nan hannuna bai kai na wasu ba, ninkin nan da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya yana son yatsu masu ƙarfi da amaryar da za ta jure a matse mata kai.

Na dawo gida zafi ya fara, kuma a nan na gane abin da aka koya min an gina shi ne a kan ɗaki mai sanyi da fitila. Amaryar birni daga kujera sai mota mai esi sai zauren biki. Tawa amaryar a ɗakin ƙasa take mai ƙaramar taga, mata ashirin a kanta, yara suna leƙe, ba fanka, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, daga nan a fito da ita tsakar gida a zaunar a tabarma a rana, da yamma a ɗora ta a mota ko a bayan mashin a bi hanyar burji da ƙura. In na yi mata irin nauyin da ake yi wa 'yar dina kafin la'asar ya narke ya gangaro. Dole na rage komai, na koma shafa faundeshin kaɗan-kaɗan inda ake buƙata kawai, na ƙara abin da ke tsotse maiƙo tun daga farko, hoda a danna ba a goga ba, feshin kama kwalliya a ƙarshe, sannan in ba babbar ƙawa 'yar takardar tsane gumi in ce dannawa za ki yi kar ki share. Fitilar mai zagaye da na saya mai caji ce, a shagon mai sola nake cika ta, amma yawanci ma tabarma nake sa a shimfiɗa min a inuwar darbejiya ko a bakin ƙofa, hasken safe ya fi kowace fitila nuna gaskiyar kala. Da hunturu kuma akasin haka ne, fata ta bushe ta yi fari-fari leɓe ya tsage, sai an jiƙa ta da mai sosai an jira kafin a fara.

Rigimar da ba ta ƙarewa ita ce ta haske. Kusan kowace amarya da na zaunar maganarta ta farko ita ce Anti ki sa na yi fari, eh ni ma yanzu Anti ake ce min, har waɗanda suka girme ni. Gwaggonnin amarya su tsaya a kaina, wata ta ce 'yar nan ba ki sa mata hodar ba ne, mun biya kuɗi fa a ga alama. Ba na gardama da manya, cewa nake Iya ku ɗan ba ni lokaci, in na gama rabin fuska sai in ɗauka a waya in nuna musu tare da wuya da hannu. Wasu su ce kai ashe haka yarinyar nan take da kyau, wasu kuma ko a jikinsu, fari suke so, sai mu tsaya a tsakiya in ƙara mata haske a goshi da ƙasan ido da karan hanci in bar sauran a kalarta.

Kuɗin aiki ba zan iya yanka na Kano ba, wa zai biya. Wani gidan a ba ni kuɗi a hannu, wani a ce sai an sayar da amfanin gona, akwai inda aka aiko min da kwanukan riɗi Yaya ya kai kasuwa, akwai 'yar maƙwabta marainiya da Inna ta ce ke wannan kyauta za ki yi. Alhali kwalba ɗaya ta faundeshin da kuɗin birni nake sayenta, kuma duk zuwa sai na tarar ta ƙara tsada. Yanzu dabarar da na yi ita ce in akwai bukukuwa a ƙauyukan kusa a mako ɗaya sai in haɗa su in ɗauki mai mashin ɗaya na yini, ƙanwata kuma ta fara bina tana wanke burushi tana yi wa ƙananan ƙawaye jan baki da fensirin ido. Kalolin duhu guda biyu da na fi amfani da su sun kusa ƙarewa ga bukukuwan kafin azumi sun taso, na tura wa 'yar Damagaram saƙo ta duba min a Sabon Gari tunda ita har yanzu tana can, in an samu ta ba direban Yankaba ya sauke min a bakin titi, in ba a samu ba ranar Asabar zan shiga da kaina, in ya so in tsaya wajen Anti ta ƙara nuna min ninkin ashoken nan.